Hannuna Ba Zai Cire Tukwanen Salansar Nan Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma yau kwana biyar ke nan gaisuwarki ba ta wuce "sabahal khair", ita ma kina kallon ƙasa. Allah ya tsare min ke a hanyar Yanbu, garin nan na bakin teku, ya tsare ki a gidan da za ki sauka da wurin aikin da za ki fara. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, kamar duk yaran da aka haifa a unguwarmu ta Mansur, nan Makka. Amma da Larabci muka yi faɗa, ni kuwa idan zan faɗi laifina, da harshen uwata nake faɗa. Duk kalmar da ta kakare miki ki tambayi Ummanki.

Ga maganar, kada mu yi ta kewaye. Na ba ki jar motar nan, motar samartakata, ki tafi da ita. Kin hau da ita hanyar Ɗa'ifa, kika ji ba ta ja a hawan dutse. Abokanki na cikin waya, masu son tsofaffin motoci, suka ce miki tukwanen tace hayaƙi ne suka toshe, waɗannan biyun da ke jikin salansa, da Larabawa ke cewa dubba. Suka ce a cire su, a sa bututu ziryan a gurbinsu, wanda ake kira bututun gwaji, mota za ta numfasa, ta yi ƙara mai daɗi. Kika zo warsha, garejina, kika ce in yi miki kafin ki tafi. Na ce a'a. Har yanzu a'a nake cewa, kuma ko za ki shekara ba ki yi min magana ba, a'a ɗin ce. Abin da ban yi ba ran nan shi ne gaya miki dalili. To ga shi, kuma ba daga littafi na samo shi ba. Duk abin da kike so a yi wa motar nan ni na riga na yi mata, da hannuna, tun ba a haife ki ba.

Ina da shekara ashirin da shida na saye ta. Ƙirar Japan ce da aka yi don kasuwar Amurka, wani ɗalibi ya dawo da ita ta jirgin ruwa, ta gundure shi. Ƙofa biyu, dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. A lokacin ina aikin walda da salansa a ƙarƙashin maigidana Usta Haruna, Allah ya jiƙansa, Bahaushen Sudan ne, mutum mai ƙarancin magana. Fetur ɗin da ake sayarwa a nan a wancan zamanin yana da dalma a ciki, dalma kuwa kashe tukunya take yi. Don haka cirewar kanta ba ita ce laifina ba. Yadda na cire shi ne laifin.

Muka ɗaga motar, Usta ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Usmanu, waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ka kwance su da sifana, noti bayan noti. Ka toshe bakinsu da tsumma, ka ɗora a kan kanta. Wata rana man garin nan zai canza, za ka neme su."

Na ce, "Usta, notocin sun yi tsatsa, zan ɓata yini guda."

Ya ce, "To ka ɓata."

Yana fita sallar la'asar na jawo injin yanka. Kafin ya dawo na datse su duka biyun, har da farantan haɗinsu, na watsa su a tarin ƙarafan da mai tashlihi, wato wurin sayar da kayan matattun motoci, ke zuwa kwashewa. Ya dawo ya ga abin da na yi. Ya ɗauki butarsa ya ajiye, ya koma kan aikinsa. Kwana uku bai kira sunana ba.

Man ya canza kamar yadda ya faɗa. Aka tsananta fahas, wato binciken shekara-shekara da ake yi wa mota. Na fara neman irin waɗannan tukwanen. Babu tashlihin da ban shiga ba daga Makka zuwa Jidda, har Riyad na aika. Shekara tara na yi kafin in samu guda biyu da suka dace da ita, a jikin wata da ta yi hatsari. Abin da na yanke tsakanin kiran salla da sallamewa ke nan.

Saboda haka, 'yata, abin da za ki iya kwancewa kada ki yanka. Za ki shiga ma'aikata, za ki tarar da tsarin da wasu suka kafa kafin ki zo, ki ga kamar wauta ce. Wataƙila ma wautar ce. Ki kwance a hankali, ki ajiye inda za ki iya ɗaukowa. Haka da mutane. Kada ki yanke wani don kawai notinsa ya yi tsatsa ke kuma kina sauri.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ban taɓa gaya miki ba. Kin san kakarki Iya ba ta taɓa shiga jar motar nan ba, kuna yi mata dariya kuna cewa tsoro take ji. Ta taɓa shiga. Sau ɗaya.

Bututun da na sa a gurbin tukwanen ni na lanƙwasa su, ni na yi musu walda. Ina alfahari da su. Idan na tada motar a layinmu, yara su fito, tsofaffi su yi tsaki, ni kuwa ina jin kamar garin nawa ne. Amma zafin walda ya ɗan murɗe faranti ɗaya, kuma tsohon gaskit na mayar, abin da ake shimfiɗawa a mahaɗar don hana yoyo, don na ƙi jiran sabo. Na san yana yoyo. Ina jin "tif-tif" ɗinsa a ƙarƙashin kujerar gefe duk safiya. Na ce zan gyara ranar Alhamis. Alhamis ta wuce sau goma.

Wata ranar bazara Iya ta tashi da ciwon ƙafa, aka ce a kai ta asibiti. Motar Yaya Sale tana gareji, sai tawa. Da ƙyar na lanƙwasa ta ta shiga, tana cewa wannan ai kwanciya ce, ba zama ba. Muka shiga titin Mansur da hantsi, cunkoso ya riƙe mu. Na rufe gilasai na kunna na'urar sanyi don kada zafi ya dame ta. Robar da ke gindin sandar giya ta yage tun tuni, ta nan hayaƙin ke shigowa, ban kula ba. Mun yi kusan rabin sa'a muna tafiyar taku ɗaya ɗaya.

Ta ce, "Usmanu, kaina na sarawa."

Na ce, "Rana ce, Iya."

Can ta ce, "Ɗan nan, warin motarka ya yi yawa. Buɗe min taga."

Kin san me na ce? Na ce, "Iya, haka motocin gudu suke, ba ki saba ba ne." Har da dariya.

Ba ta ƙara magana ba. Na ɗauka fushi ta yi. Da na waiwaya sai na ga kanta ya faɗi a kan gilashi, carbinta ya zame ƙasa. Ni ma a lokacin na ji kaina ya yi nauyi, hannuwana kamar ba nawa ba. Na buɗe ƙofa a tsakiyar titi, na zagaya na jawo ta waje. Wata mai sayar da waina a bakin hanya ta bar tandarta ta zo da ruwa, tana kiran "Hajiya, Hajiya," tana yi mata fifita da murfin kwano. Wani direban tasi ya ɗauke mu. A asibiti aka sa mata iska a hanci har yamma. Likitan ya tambaye ni ko an kunna gawayi a ɗaki a rufe. Na ce a'a, mota ce. Ya kalle ni kallon da har yau ina tunawa.

Ke injiniya ce, kin fi ni sanin sunan iskar nan. Ni abin da na sani shi ne ba ta da launi, kuma tukunya tana cinye mafi yawanta kafin ta fita. Idan babu tukunya, duk abin da injin ya amayar haka yake zuwa ɗanyensa, ƙaramin yoyo ya isa.

Iya ta warke. Ba ta gaya wa mahaifina ba, ba ta gaya wa Yaya Sale ba. Abin da ta ce min kawai, muna hanyar gida a tasi, shi ne, "Na ce maka ka buɗe taga." Ta rayu shekara goma sha huɗu bayan haka, kuma ban taɓa zama na ce mata ta yafe min ba. Kullum ina cewa ai ta san na yi nadama. Ta rasu ban faɗa ba.

Idan wanda ke gefenki ya ce kansa na sarawa, ki tsaya. Ko bai san mota ba, ko bai yi karatu ba, ko tsohuwa ce da ba ta san abin da kike aunawa a ma'aikata ba. Hancinsa na aiki. Kuma abin da kika san yana yoyo, kada ki ba shi Alhamis.

Za ki ce bayan wannan ai na daina. Ban daina ba, kuma wannan shi ne abin kunyar. Na gyara farantin, na sa sabon gaskit, na ce matsalar yoyo ce kawai. Da Usta ya rasu na buɗe warshata, sai na zama wanda ake kwatance da shi. Duk mai tsohuwar motar gudu da ke son ƙara, a Makka ko Jidda, sai a ce masa ya je wurin Usman a bayan Hindawiyya. Ina cire tukwane, ina sa bututu, waldata kamar ɗinkin tela. Kuma ina da wata dabara. Na ajiye tukwanen aro a warsha. Idan lokacin fahas ɗin mutum ya zo, ya kawo mota in ɗaura masa su, ya je a auna hayaƙinsa ya ci, ya dawo in kwance in mayar da bututu. Shekaru na yi ina haka. Ina fita daga warsha in je masallaci in tsaya a sahun farko, ban ga komai a ciki ba. Cewa nake kowa ma yana yi.

Abin da ya tsayar da ni ba wa'azi ba ne. Wata rana ce da azahar, a watan Zulƙida, garin ya fara cika da alhazai. Ina tare da Ummanki a motar ɗaukar kayan warsha, tana da cikin ƙaninki, muka shiga ɗaya daga cikin ramukan dutsen nan da titi ke ratsawa, cunkoso ya tsaya cak. A gabanmu wata farar mota ce 'yar Turai, tsohuwa, direban yana ta taka totur don jin yadda ƙarar ke dawowa daga bango. A gefenmu bas ce cike da tsofaffin alhazai, tagoginta a buɗe don na'urar sanyinta ta mutu. Ina kallonsu suna rufe hanci da haramin ihraminsu, wani tsoho yana tari har yana riƙe ƙarfen taga. Idona ni ma yana yaji. Ummanki ta jiƙa gefen mayafinta ta rufe fuska, ta ce, "Wane marar tausayi ne ya yi wa motar nan wannan aikin?"

Na kalli ƙarƙashin motar. Na gane lanƙwasar bututun. Na gane yadda na saba karkata bakin salansa. Na ce, "Ni ne."

Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga fuskata sai ta juya tana kallon bas ɗin, har muka fita daga ramin.

Washegari na kwashe tukwanen aron na kai tashlihi. Daga ranar aka fara yaƙin da nake yi har yau. Rabin masu zuwa wurina suka ɗauke ƙafa. Abokan sana'a suka sa min suna Liman. Mai farar motar nan da kansa ya zo bayan wata biyu, lokacin fahas ɗinsa ya yi, ɗan babban gida ne daga Jidda, yana kaɗa makulli a yatsa. Na ce masa na daina aron tukwane, amma idan yana so zan mayar masa da na gaskiya su zauna.

Ya yi dariya ya ce, "Ya Usman, kai ne yau za ka koya min doka?"

Na ce, "Ba doka nake koya maka ba. Aikin hannuna nake gaya maka."

Ya ce, "Ka san ko ni wane ne? Kalma ɗaya zan faɗa, babu mai sake kawo maka mota." Sannan ya faɗi kalmar nan da ake jifan irinmu da ita, baƙaƙen da kakanninsu suka zo da ƙafa. Kin san ta, an taɓa faɗa miki a makaranta kin dawo kina kuka.

Na ajiye sifana na goge hannuna. Na ce masa, "A garin nan aka haife ni, a nan aka binne ubana. Kakana ya taka daga Kano zuwa nan shekara uku don ya ga Ɗakin Allah, bai zo don jikansa ya shaƙe baƙin Allah da hayaƙi ba. Ɗauki motarka."

Ya fita yana zagi. Ya kuwa cika alkawari, ƙungiyarsu ta masu motocin gudu ta daina zuwa. Shekara biyu ina gyaran salansar tasi da motocin ɗaukar ruwa, aikin da a da nake rainawa. Ban yi nadama ba ko na rana ɗaya, kuma kin ci kin sha kin yi karatu da wannan aikin.

Inda za ki, za a kawo miki takarda wata rana a ce ki sa hannu cewa awo ya yi daidai, alhali kin san an ɗaura wani abu ne na ranar awo kawai. Mai kawo takardar zai girme ki, zai fi ki muƙami, wataƙila ya tuna miki ke mace ce, ko ya tuna miki launin fatarki. Kada ki sa hannu. Kada ki ɗaga murya, kada ki yi kuka a gabansa. Ki ajiye biro ki ce masa a'a, ki bar shi ya yi abin da zai yi. Ni na makara, sai da na kai arba'in na koya. Ke kina da ashirin da huɗu.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya shafi maganarmu kai tsaye. Da na samu tukwanen nan biyu bayan shekara tara, don ɗoki ban duba injin ba na ɗaura su. Ashe nozul ɗaya, cikin masu feso wa injin mai, yana zubar da mai fiye da ƙima, tsawon shekarun da babu tukunya ba wanda ya lura, ƙara ta rufe komai. Ɗanyen man ya riƙa isa cikin tukunyar hagu yana ci da wuta a can. Cikin wata guda ta narke daga ciki, ta yi ja kamar garwashi, saura kaɗan ta kama shimfiɗar motar. Sai da na sake shekara biyu ina neman wata. Daga nan na fahimci abin da Usta ya taɓa faɗa ban saurara ba, cewa tukunya ba ta cika mutuwa da kanta ba, kashe ta ake yi. Idan ta toshe, ki nemi abin da ya toshe ta. Bututun gwaji kuma sunansa ya faɗi aikinsa. A sa shi awa ɗaya, a ji ko motar ta canza, a gane inda cutar take, a cire.

Abin da na yi ke nan ranar Talata, kina ɗakinki kina fushi. Na ɗauki makulli wurin Ummanki bayan sallar asuba, na kai motar warsha. Na kwance tukwanen da sifana, noti bayan noti, na haska fitila a cikinsu: ramukansu tas, haske na ratsawa. Duk da haka na sa bututun, don kada in yi miki gardama da baki kawai. Na fita da ita ta wajen Muzdalifa, inda titunan suke fayau idan ba lokacin Hajji ba, na bi hawan da ke bayan nan.

Ba zan ɓoye miki ba. Da ta buɗe murya sai da na yi dariya ni kaɗai a mota, gashin jikina ya tashi, na ji kamar ina ashirin da shida. Abokanki ba su yi ƙarya a kan daɗin ƙarar ba. Amma da na kama hawa a giya ta uku, ta shaƙe daidai inda kika ce tana shaƙewa. Babu tukunya ko ɗaya a jikinta, ga ta tana haki. Na dawo na sa ma'auni a layin mai. Famfon mai ne ya gaji, matatarsa kuma ta cika da tsatsar tanki. Na canza duka biyun, na wanke tankin, na mayar da tukwanen da sababbin gaskit. Jiya na hau da ita hanyar Ɗa'ifa har sama, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Da na bi maganar mutanen cikin wayarki, da kin tafi da ƙara mai daɗi da famfon da zai mutu miki a tsakiyar hamada, tsakanin Rabig da Yanbu, ke kaɗai.

Ba na faɗi haka don in ce na fi ki ba. Kunnenki ne ya fara jin cutar, kuma kin ji daidai. Kin yi saurin yarda da sunan da aka ba ta ne kawai. Kafin ki tuhumi wani abu, ko wani mutum, ki gwada.

Kina ganin taurin kai ne ya hana ni. E, taurin kai ne, kuma shi ne dai ya ba ki motar. Ba ki san abin da ya faru a gidan Baffanki Sale ranar Juma'ar da ta wuce ba. Ya tare ni a gaban surukansa ya ce, "Usman, ka haukace? 'Ya mace, ba aure, garin da ba ta da kowa, kuma a jar mota mai ƙofa biyu? Me mutanen Mansur za su ce?"

Na ce, "Yaya, za su ce 'yar Usman ce."

Ya ce, "Ka ba ƙaninta motar, ita ka sa ta a bas."

Na ce, "Ƙaninta bai san inda ake duba man giya ba. Ita tun tana sakandare take canza fulogi. Na riga na mayar da istimarar motar, takardar mallakarta, da sunanta. Wanda yake da magana ya zo warsha ya same ni, ina nan daga safe zuwa magariba."

Yayana ne, ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar. Har yanzu bai amsa sallamata a waya ba. To ni da na tsaya a gabansa saboda ke, ba zan rusuna miki a kan abin da na san zai cuce ki ba. Kan nan guda ɗaya ne, da shi na yi duka biyun.

Motar taki ce yanzu, takarda ta faɗa. A Yanbu akwai masu walda da yawa, za ki samu wanda zai cire miki tukwanen kafin shayinki ya huce, ba zan sani ba sai kin zo hutu na ji ki tun daga kan kwana. Ba ni da ikon hana ki. Idan kin ƙi ji, aƙalla ki sa a kwance, kada a yanka, ki ajiye su a wuri busasshe. Ki sa sabon gaskit, ki tsaya a kan mai aikin har ya gwada yoyo. Kada ki zauna a cikinta a cunkoso gilasai a rufe. Ranar fahas kuma ki je da ita yadda take, ki karɓi faɗuwarki, kada ki yi aro. Kuma kada ki ɗauki Ummanki a ciki. Amma ni, hannuna ba zai yi ba, ko yau ko bayan shekara goma.

Abu ɗaya nake neman gafararki a kai. Ran nan a warsha, a gaban maƙwabtana masu shaguna, na ce miki, "Ba ki san komai ba, takarda kawai gare ki." Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun kalmar ba ta gama fita ba. Tsoro ne ya kama ni, na ga kujerar gefen nan na tuna Iya, bakina ya riga hankalina. Ki yafe min, Hafsatu. Na rubuta shi a takarda don kada in sake cewa ai kin sani.

Ki kula da sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki duba ruwa da mai duk Juma'a da safe, injin a sanyaye. Iskar teku tana cin ƙarfe, ki riƙa wanke ƙarƙashinta. Ki kira Ummanki kullum, ko minti biyu ne, ba za ta ce miki tana jira ba amma tana jira.

Ranar Asabar bayan an karya kumallo, idan kin yarda, zan shiga motar tare da ke har Jumum, daga nan in samu tasi in dawo. Ke za ki ja. Shekara talatin da biyu ina da motar nan ban taɓa zama a kujerar gefe ba, ban san ma yadda titi yake daga can ba. Na yi alkawari ba zan ce uffan a kan yadda kike canza giya ba. Idan kin ga ina taka ƙasa da ƙafar dama kamar mai neman birki, ki yi kamar ba ki gani ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya sa albarka a hannunki da abin da zai taɓa. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Usman
Mansur, Makka